Taushin Dalma

A cikin ƙarafan da ɗan Adam ya daɗe da sani, babu mai sauƙin kai kamar dalma. Farce yana iya yi mata zane, garwashin murhu yana iya narkar da ita, domin zafin digiri 327 kacal take jira ta zama ruwa, alhali baƙin ƙarfe sai zafi ya haura digiri 1,500 kafin ya sallama. Tana da nauyi, ba ta da tsada, kuma duk siffar da aka zuba ta a ciki ita take ɗauka ba tare da gardama ba. Saboda wannan hali nata ne masunta suke ɗaura ta a bakin raga don ta nitse, masu ƙera batir suke cika cikinsa da ita, maharba kuma suka shafe ɗaruruwan shekaru suna zuba harsashi da ita. Ni kuwa sau biyu na san dalma a rayuwata, a wurare biyu da babu abin da ya haɗa su in ba ita ba: ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara, inda dangin mahaifiyata suke, da wani gareji a garin Larami na jihar Wayomin ta Amurka, inda na yi digirina na farko a fannin kimiyyar sinadarai.

Sanin farko ya riske ni ina ɗan shekara goma sha ɗaya. A 2010 ne aka gano abin da yake ɗauke yara a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Dutsen da ake haƙowa don neman zinariya cike yake da dalma, ana kuma kawo shi cikin gari a daka a turmi ko a niƙa a inji, ƙurarsa ta sauka a tsakar gida inda jarirai suke rarrafe. Yara aƙalla 400 suka rasu. Na'urar gwajin jini ta tafi-da-gidanka da likitoci suka zo da ita ba ta iya ƙirga abin da ya wuce 65 a ma'auninta, jinin yara da dama kuwa ya zarce iyakarta. Ɗan ƙanwar mahaifiyata yana cikin waɗanda suka sha magani suka rayu. Yanzu saurayi ne mai fara'a, mai son mutane, amma har yau lissafin canjin naira ɗari biyar yana ba shi wahala. Ba a gama share wancan hawaye ba sai 'yan bindiga suka addabi yankin. Don haka a gidanmu ba a ambaton dalma ko harsashi sai an biyo da neman tsari.

Sai ga shi a shekarata ta biyu a Amurka na kama ɗakin haya a gidan wani dattijo, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, wanda babu abin da yake ƙauna a duniya, bayan jikarsa, kamar ya narkar da dalma ya zuba harsashi. Na riƙa kiransa Baba. Ya tambaye ni ma'anar kalmar, na faɗa masa, ya ce ya karɓa.

Bindigar da yake yi wa wannan hidima gado ce daga kakansa, ƙirar Winchester ta 1873. Duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin kaboyi ya san siffarta: doguwa, mai gindin katako, da wata liba a ƙarƙashin kunama wadda ake saukewa a ɗaga. Saukewar tana fitar da kwanson da aka harba, ɗagawar kuma tana ɗora sabon harsashi daga wani bututu da ke kwance a ƙarƙashin bakin bindigar. A garin Niyu Heban na jihar Konetikat aka ƙera ta, kuma kamfanin ya yi irinta fiye da 720,000 kafin ya daina. Harsashinta sunansa .44-40, sunan kuwa bayani ne: lamba ta farko faɗin harsashin ne a lissafin inci, ta biyu kuma nauyin baƙin albarushin da aka saba zuba masa a ma'aunin Turawa na ƙwayar hatsi, wato giram biyu da rabi da 'yan kai. Ƙwayar dalmar kanta giram 13 ce. Tsofaffin takardun kamfanin suna ajiye a gidan tarihin bindigogi na garin Kodi, a arewacin jihar, kuma daga can aka aiko wa Baba takardar da ta nuna shekarar da tasa ta bar ma'ajiyar kamfani. Ya sa ta a gilashi ya rataye kusa da hoton matarsa mai rasuwa.

Amurkawa suna yi wa wannan bindiga kirari da cewa ita ta ci yammacin ƙasarsu da yaƙi. Ban taɓa jin kirarin ba tare da na tuna cewa ƙasar da aka ci tana da masu ita ba. Baba bai musa ba, sai dai ya ƙara mini da wani abu: a yaƙin Litul Bighon na 1876, mayaƙan ƙabilun Lakota da Shayen da dama suna riƙe da bindigogi masu liba, sojojin Kosta kuwa da masu cin harsashi ɗaya-ɗaya, kuma a ranar 'yan ƙasa ne suka yi nasara. Ya ce bindiga ba ta tambayar wanda ya ɗauke ta. Na ce wannan kam mu ma mun sani.

Dokar Amurka ba ta yarda ɗalibi baƙo ya mallaki bindiga ko harsashi ba sai da wasu sharuɗɗa, kamar lasisin farauta, ni kuma ban nema ba. Aikina a garejin kallo ne da riƙe littafi. Baba yana faɗa, ina rubutawa, domin idonsa ya fara gajiya da ƙananan lambobi. Da farko ladabi ne ya zaunar da ni. Daga baya abin da nake karantawa a aji ne na gan shi yana tafasa a tukunya.

Tambayar da na fara yi masa ita ce me ya sa ba zai sayi harsashin a kanti ya huta ba. Maimakon amsa, sai ya ɗauko wata 'yar dunƙulen dalma mai taushi, ya shafa mata mai, ya tura ta cikin bakin bindigar da sanda har ta fito ta gindi. Ta fito ɗauke da sawun tsagin da ke murɗe a cikin bututun, waɗanda suke sa harsashi ya juya kamar mazari idan ya tashi. Ya auna ta. Faɗin da aka saba ba wa wannan harsashi inci 0.427 ne, amma bindigogin wancan zamani ba su fito daidai wa daida ba, tasa kuma ta fi haka faɗi da abin da bai kai kaurin gashi ba. Wannan ɗan bambanci shi ne komai. Idan harsashi ya yi wa bututu kaɗan, iskar wuta tana kutsawa ta gefensa ta zaizayi dalmar ta shafe ta a bango, harbi na goma ya tafi inda ya ga dama. Idan kuwa ya cika bututun, kuma yana da taushin da zai ɗan kumbura lokacin da albarushi ya buge shi ta baya, sai ya toshe hanya ya tafi a miƙe. An ƙera bindigar ne da sanin cewa dalma za ta ba da kai.

Ba tsantsar dalma yake zubawa ba. Yana haɗa ta da kuza kaɗan, kashi ɗaya cikin ashirin da ɗaya, irin haɗin da mutanen da suke yi. Kuza tana sa ruwan ƙarfen ya shiga kowane lungu na mazubi, ta kuma ɗan ƙarfafa shi. Masu son harsashi mai tauri sukan nemi tsohon ƙarfen da gidajen jarida suke zuba haruffa da shi kafin zuwan kwamfuta, wanda ya ninka tsantsar dalma tauri kusan sau huɗu. Baba yana da guntayensa a wani gwangwani, har ana iya karanta rabin kalma a jikinsu, a juye. Ya ce bai taɓa iya narkar da su ba, tausayinsu yake ji. Abin da yake ƙi jini shi ne tutiya. Ƙarafan da ake maƙalawa a ƙafar mota don daidaita ta, waɗanda a da dalma ce, yanzu da yawansu tutiya ne ko baƙin ƙarfe, kuma tutiya kaɗan ta isa ta mai da tukunya guda kamar kunun da ya yi gudaji. Saboda haka ɗaya bayan ɗaya yake dannan su da filaya kafin su shiga wuta: wadda ta lotsa ta shiga, wadda ta ƙi a jefa ta gefe.

Idan ƙarfen ya narke, sai ya barbaɗa masa garin katako ya motsa, datti ya taso sama kamar kumfar miya, ya kwashe. Abin da ya rage yana sheƙi kamar madubi. Ruwa haramun ne a kusa da tukunyar. Ɗigo ɗaya idan ya shiga ƙarƙashin narkakkiyar dalma yakan zama tururi nan take ya watsa ta ko'ina, kuma akwai wani tabo a rufin garejin da yake nuna wa duk baƙon da ya shigo. Mazubin nasa na baƙin ƙarfe ne, ɓari biyu masu mariƙin katako, ya girmi Baba kansa. Yana ɗiba da ɗan ludayi, ya zuba ta wata 'yar kafa a sama, ya jira ƙarfen ya dushe daga sheƙi zuwa toka-toka, ya bugi murfin da sanda ya yanke wutsiyar, ya buɗe. Harsashin ya faɗo kan tsumma da wata 'yar ƙara mai daɗin ji. Na farko-farko sukan fito da tamoji kamar fuskar tsohuwa, alamar mazubi bai yi zafi ba. Idan zafin ya yi yawa kuma sai su fito da fari-fari kamar an yayyafa musu gishiri. Tsakanin waɗannan biyu akwai wani taki da hannu ne kaɗai ya san shi, irin wanda mai tuyar masa take da shi ba tare da agogo ba. Da ya kama takin, sai ya yi shiru, ni ma in yi shiru, a yi awa guda ba a jin komai sai bugun sanda da faɗuwar dalma, dusar ƙanƙara tana zuba a waje.

Ba na jin kunyar cewa abin ya burge ni. Na ga mutum yana auna kowace ƙwaya a sikeli, wadda ta gaza nauyi ya mayar da ita tukunya, domin rashin nauyi yana nufin akwai kogon iska a cikinta. Na ga yana cika tsagin jikin harsashin da haɗin kakin zuma da kitse, don tokar baƙin albarushi ta kasance da laushi kada ta daskare a bututu. Ɗurin kansa kuwa aikin natsuwa ne. Kwanson .44-40 bakinsa siriri ne ƙwarai, da an matsa masa a karkace ya lanƙwashe. Albarushi ba ya zuba ko ƙwaya ɗaya fiye da abin da littattafan masana suka rubuta, domin makullin wannan tsohuwar bindiga ba shi da ƙarfin na zamani, kuma lokacin aunawa ba ya amsa ko sallama. Kan harsashin a daɗe yake, ba mai tsini ba, dalili kuwa a fili yake: a cikin bututun ajiya harsasai suna jere ne kan wannan a gindin wancan, daidai wurin 'yar hular da ke tayar da wuta, mai tsini zai iya tayar da na gabansa. A ƙarshe yana matse bakin kwanson ya riƙe ƙwayar gam, don kada turereniyar cikin bututu ta nutsar da ita ciki. Kowane mataki yana da dalili, kowane dalili kuma wani ya taɓa biyan kuɗinsa da yatsa ko ido.

Ranar wata Asabar 'yarsa ta kawo jikarsa, yarinya 'yar shekara uku, ta bar ta ta tafi aiki. Yarinyar ta shigo garejin kamar ɗakin uwarta, ta zauna a ƙasa da biskit a hannu ɗaya, ta jawo kwalin sababbin harsasai da ɗayan tana jera su kamar 'yan tsana. A gefenta injin da yake goge tsofaffin kwanso yana ta karkarwa, wata ƙura mai laushi tana tashi daga cikinsa. Na san abin da ke cikin ƙurar, domin sinadarin da ke cikin 'yar hular nan ta gindin kwanso shi ma na dalma ne. Garejin ya ɓace mini, tsakar gidan Dareta nake gani.

Baƙo raɓa ne, in ji Hausawa, ga shi kuma ni yaro ne ɗan haya, shi dattijo a cikin gidansa da sana'ar da ya yi shekara hamsin yana yi. Amma na ɗauki yarinyar na kai ta ta wanke hannu da sabulu, na kunna mata talabijin, na dawo na ce, "Baba, ina da magana, ka yi haƙuri da ni."

Ya saurara, sa'an nan ya ba ni amsar da na san zai bayar. Ya ce dalma ba ta tururi a zafin da yake aiki da shi, sai ta haura digiri 1,700 take tafasa, ga shi kuma ya tsufa lafiya lau. Na ce gaskiyarsa game da tururi, amma ba ta nan take shiga ba. Ta ƙura take shiga, da dattin da ake kwashewa a saman tukunya, da hannun da ya taɓa ta ya koma baki. Cikin ƙaramin yaro yana tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da cikin babba yake tsotsewa, jiki kuma yana ɗaukar ta tamkar sinadarin gina ƙashi ya ajiye ta shekaru, tana taɓa ƙwaƙwalwar da ba ta gama ginuwa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi nata a jini da aka san ba ya cutarwa. Don kada ya ji kamar tuhumarsa nake yi, na gaya masa cewa mu ma masoyanta ne ba da saninmu ba: tozalin da kakanninmu suke rambaɗa wa jarirai don ido ya yi kyau sau da yawa dutsen dalma ne aka niƙa, har a 2011 likitoci a Bostan sun sami gubar a jinin wani jariri ɗan asalin Nijeriya, suka bi sawu suka tarar kwallinsa fiye da kashi 80 cikin ɗari dalma ne. Daga nan na ba shi labarin ƙauyukanmu, da yadda sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa, da labarin ɗan'uwana da canjin naira ɗari biyar.

Bai ce komai ba. Ya kashe wutar tukunya, abin da ban taɓa ganin ya yi a tsakiyar aiki ba.

A cikin makon aka yi wa su biyun gwajin jini. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta sa 3.5 a matsayin adadin da idan jinin yaro ya kai shi ake fara bincike, na yarinyar kuwa ya ɗan haura. Nisan da ke tsakanin wannan da 65 ɗin Zamfara mai yawa ne, likita ma ya ce ba ta buƙatar magani, raba ta da tushen ƙurar ya isa. Na Baba ya fi nata sosai. Daren da sakamakon ya fito na ji shi yana goge daɓen garejin da jiƙaƙƙen tsumma har ƙarfe biyu, mutumin da gwiwarsa ba ta son durƙuso.

Ba a kan komai muka daidaita ba. Na kawo masa maganar tsuntsaye: yadda mikiya da ungulu suke cin kayan cikin dabbar da maharba suka bari a daji su haɗiye ɓarɓashin harsashi, yadda Amurka ta hana harbin agwagin ruwa da dalma tun 1991, yadda jihar Kalifoniya ta hana farauta da ita kwata-kwata daga 2019, musamman saboda wata ƙatuwar ungulu da ake kira kondo wadda ta kusa ƙarewa. Ya ce harsashinsa mai tafiyar hawainiya ne, bai kai mita 400 a daƙiƙa ba, yakan shige a dunƙule, ba kamar na zamani mai gudu da ke tarwatsewa ba. A nan ma yana da rabin gaskiya, kuma na bar masa ita. Ya yarda ya koma harsashin jan ƙarfe a sabuwar bindigarsa ta farauta, amma ya ce ta kakansa ba za ta ci komai ba sai dalma har ya mutu, kuma takarda kawai za ta riƙa harbi. Ya ƙara da cewa 'yan Kalifoniya ba za su koya masa zaman duniya ba. Wannan kuma tsohuwar gaba ce tsakaninsu da ba ta shafe ni ba.

Da bazara ta shigo ya gina 'yar rumfa a ƙarshen fili, nesa da gida, ya mayar da tukunya da injin goge kwanso can. Ya sa famfo da sabulu a ƙofa, da ƙusa inda yake rataye rigar aiki da takalma, ba sa shiga gida. A gonar abokinsa inda yake gwajin harbi ya kafa akwatin yashi a bayan takardar, duk ƙarshen wata ya tankaɗe yashin a jiƙe ya kwashe dalmarsa ya mayar tukunya. Ni na riƙa rubuta nauyin abin da ya fita da abin da ya dawo, kuma ya kasance yana jin haushi idan lissafin ya yi giɓi da yawa.

Bayan wata shida aka sake gwada yarinyar, adadin ya sauka ƙasa da 3.5. Na kammala karatu na dawo gida bara. A hoton da 'yarsa ta turo mini kwanan baya, Baba ya ja layi da jan fenti a ƙasa, taku uku kafin ƙofar rumfar, yarinyar tana tsaye da yatsun ƙafarta daidai kan layin, ta miƙa wuya tana leƙen abin da kakanta yake yi.